Balkisa da Hannun Ramatu

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar firamare, a unguwar Bukoki ya san Madam Balkisa, mai zagaya azuzuwa tana koya wa yara wanke baki. Ƴar Umaru tela ce, mutumin Madawa da ya kafa kekensa kusa da kasuwar Petit Marché. Tun tana ƴar ƙarama ba ta san wani ya sha gabanta a aji ba.

A shekarar 1984, da damina ta ƙi, gero ya zama abin kallo a kasuwa, ta shiga makarantar aikin lafiya, sashen kula da haƙori. Su tara ne. Cikin wata guda Balkisa ta haddace sunayen haƙora talatin da biyu da Faransanci, da jijiyoyinsu, har malaminsu likita, Lokotoro Isaka, yakan ce ta tashi ta maimaita wa sauran.

Sai aka zo aikin hannu. Aka ba kowa guntun sabulu da ƴar wuƙa, aka ce ya sassaƙa haƙorin tauna. Na Balkisa ya fito kamar dunƙulen fura. Can a bencin baya akwai Ramatu, Bazabarma daga Lamorde, mai ƙetaro gadar kogi a ƙasa kullum, wadda karatu ke ba wuya, Hausarta ma ta cinikin kasuwa ce kawai. Lokotoro ya ɗauki nata, ya jujjuya shi a hasken taga.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Innata tukwane take ginawa."

Ya ajiye shi a kan teburinsa, inda kowa zai gani. Daga ranar abin ya tsaya wa Balkisa a rai. Ta sassaƙe sabulun wankin gidansu har uwarta ta fara ɓoyewa. In ana koyon kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori, ita sai ƙarfen aikin ya zame mata, Ramatu kuwa kamar tana shafa kan jariri. Abin da ya fi ci mata rai, Ramatu ba ta ma san ana gasa da ita ba. Takan zo ta ari littafin Balkisa, ta yi godiya har da durƙusawa.

Da yunwa ta koro mutanen karkara, suka yi sansani a bayan gari, umurni ya zo daga sama cewa ɗaliban lafiya su je su taimaka. A lokacin mulkin soja ba a tambayar dalili. Aka kwashe su a motar soja. Can suka tarar da dasashi yana zubar da jini saboda rashin abinci, yara da manya.

Aka kawo wata tsohuwa ƴar Adar, ta naɗe fuska da zane, bakinta ba ya buɗuwa sosai. Lokotoro ya ce Ramatu ta duba, Balkisa ta yi tafinta, don Hausar tsohuwar ta fi ƙarfin Ramatu.

"Inna, ina ke miki ciwo?" in ji Balkisa.

"Hagu, ɗiyata. Can ƙurya, ƙasa. Kwana shida ban tauna komi ba."

Balkisa ta juya ga Ramatu, ta ce da Faransanci, "Dama, sama."

Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fita ba. So take dai sau ɗaya ta ga hannun nan ya yi lalube a gaban malam. Ramatu ta ɗago ido ta dube ta. Ta kwance zanen a hankali, ta bi muƙamuƙin tsohuwar da yatsa biyu, ta tsaya a hagu, ƙasa. Ƙurji ne ya tara ruwa. Lokotoro ya zo ya farke shi, tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta kamo gefen rigar Balkisa.

"Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗa musu daidai."

A motar komawa ne Balkisa ta tuna cewa hagu da dama ba su fi ƙarfin mai Hausar kasuwa ba. Ta yi ta jiran a kira ta ofis. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ramatu ta ci gaba da gaishe ta, sai dai ba ta ƙara aron littafinta ba.

A ƙarshen shekara Balkisa ta zo ta ɗaya a rubutu, ta bakwai a aikin hannu. Da suka gama, ita da kanta ta nemi a tura ta lakwal-lakwal, ta bar kujerar likita ga masu ita. Shekara talatin ta yi tana wannan aiki, kuma ta iya shi.

Ƙyashin bai taɓa barin ta gaba ɗaya ba. In an yabi Ramatu a gidan suna, sai ta tashi neman ruwan sha. Amma ranar da kuncin mahaifinta ya kumbura har ya kasa zama a kan keke, ta tare taksi ta ce Lamorde, inda Ramatu ke aiki. A hanya tsohon ya tambaye ta ko babu na kusa.

"Akwai, Baba," in ji ta, tana kallon kogi. "Ita ce ta iya."