Ruwan Rini a Titin Kudai

Ranar wata Talata ce a ƙarshen watan Sha'aban, shekarar da na shiga goma, na gangaro daga unguwarmu Nakkasa, a Makka, da kwanon abincin Baba a kaina na tarar titin Kudai ya koma baƙi. Murfin wani ramin magudanar ruwa da ke bakin tashar motoci ne ya ɗage, ruwa yana bulbulowa baƙi ƙirin, yana bin gefen kwalta har inda motocin masu umara suke lodi. Mutane cikin farin harami suna ta tattare zannuwa suna ɗage ƙafa, wani tsoho kuwa ya tsaya yana duban gefen haraminsa da ya rine kamar zai yi kuka. Yaran tasha suna ta dariya. Ni ban yi ba, don na san ruwan nan. Warinsa nake ji a rigar Baba kullum idan ya dawo gida.

Baba marini ne, ɗan marina, daga Kano. Aikin hajji ya kawo shi shi da Umma tun suna sabon aure, suka ga Ka'aba suka kasa komawa. A Makka aka haife ni, amma babu wata takarda da ta san da ni, haka su ma. Sana'arsa ita ce mayar wa abaya baƙinta. Ranar Makka ba ta raga wa baƙin tufafi, kafin shekara ta zagayo sai abaya ta koɗe ta yi ja-ja, mata su kawo wa Baba ta koma kamar yau aka yanko ta. Da farko a gida yake yi, a ɗan tsakar gidanmu da ke maƙale a jikin dutse, da rabin duro a kan murhun gas. Nakkasa a lokacin ba ta da bututun da zai tafi da ruwan datti. Don haka ni da ƙanena muke hawowa da ruwa a jarka daga wurin tanka a gindin dutse, idan an gama rini kuma mu kwashi baƙin ruwan mu kai bayan gida mu tuttular. Har baƙin layi ya fito a jikin dutsen, shi ne iyakarmu idan muna langa. Akuyoyin unguwa duk ƙafafunsu baƙaƙe ne, masu su kuwa ba su gaji da kawo ƙara ba.

A ƙasa da mu kaɗan akwai gidan wani maƙwabci da muke kira Ammu Sale, wato Baffa Sale. Shi ma Bahaushe ne, amma kakanninsa ne suka zo, yana da takardar ɗan ƙasa, Hausarsa kuma rabi duk Larabci ce. Matarsa ta haifi ɗansu Faisal a watan da aka haife ni, ta kwanta ciwo nononta ya ƙafe. Umma ce ta karɓe shi ta shayar da mu tare, ni a wannan gefe shi a wancan. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faisal ya zama ɗan'uwana na nono, ba aure tsakaninmu, ba lulluɓi a gabansa, yana faɗowa ɗakin Umma ba sallama ya buɗe tukunya ya ɗebi abin da ya samu. Shi ya koya mini rubutun boko na Larabci da gawayi a jikin bango, don shi yana zuwa makarantar gwamnati ni kuwa ta allo kawai nake zuwa. Ni kuma na koya masa carafke, yana yi a ɓoye kada maza su gani. Ko bayan sun koma gidan bene a Kudai, ranar Juma'a a gidanmu yake cin tuwo.

Ammu Sale ne ya kawo shawarar shago. Ya ce wahalar hawa da sauka ta isa haka, a kama wuri a Kudai da sunansa, tunda marar takarda ba ya buɗe shago, Baba ya sa hannunsa da durominsa, a riƙa raba abin da aka samu. Dattawan unguwa sun ce wa Baba ko da baki ne a kira shaidu. Ransa ya ɓaci. "Mutumin da matata ta shayar da ɗansa zan kira wa shaidu?" Daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ranar da aka buɗe shagon ni ba allon ƙofa ne ya burge ni ba, wani ɗan rami ne a tsakiyar daɓe mai murfin ƙarfe. Baba ya karkata duro, baƙin ruwan ya shige ya ɓace, ba jarka ba ciwon wuya. Sai da na yi rawa.

Bayan an kwana biyu sai ma'aikatan ruwa suka fara bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka zo da shi shi ne, duk sana'ar da take zuba wani ruwa daban da na wanka da wanke-wanke a bututun gwamnati, wanda muke kira majari, sai ta nemi lasisi. Sai ta gina tankin da ruwan zai kwanta ya tace kafin ya fita, sannan ta riƙa biyan kuɗi gwargwadon yawan ruwan da dattinsa. Ranar da suka zo layinmu Baba ya fice ta ƙofar baya, kamar yadda ya saba idan ya hango mai kaki. Ammu Sale ne ya tsaya da su. Da yamma ya ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, an gama komai, lasisi ya fito. Tun daga ranar duk wata yana cire kason Baba na kuɗin majari kafin a yi rabo. Idan Baba ya tambayi zancen tanki sai ya ce bukra in sha Allah, wato gobe.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne yadda Baba ya riƙa alfahari da wannan kuɗi. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana bin lungu, yana sunkuyar da kai idan motar 'yan sanda ta gifta. Sai ga abu guda a garin nan da yake ganin yana yi bisa ƙa'ida. Yakan taka murfin ramin da ƙafa ya ce mini, "Rabi, wannan biyansa muke yi. Gwamnati ta san da ruwanmu." Yana faɗa yana murmushi, kamar iƙama, takardar zama a ƙasa, aka ba shi.

To, ƙarshen Sha'aban kowace mace tana son abayarta ta yi baƙi kafin tarawihi. Kaya suka taru har rufi, Baba yana rini tun asuba yana juye duro bayan duro. Can ƙasa bututun ya toshe, ruwan ya rasa hanya ya fito titi. Ba sai an yi bincike mai nisa ba, rinin abaya a layin nan wuri ɗaya ake yin sa. Ko da na iso da kwanon abinci, ma'aikata sun riga sun cika ƙofar, da ɗan sanda guda. Wannan karon Baba bai gudu ba. Yana tsaye, hannuwansa baƙi har gwiwa, yana ta gaya musu da guntun Larabcinsa cewa akwai lasisi, su jira mai shago ya zo.

Mai shago ya zo. Ya ɗauko Faisal daga makaranta ke nan, su biyun cikin fararen riguna. Bai dubi Baba ba ko sau ɗaya. Ya gaisa da ma'aikatan hannu bibbiyu, ya ce shi shagon wanki da guga ya yi wa rajista, kuma abin da ya gaya musu ke nan tun zuwansu na farko. Wannan mutum tausayinsa ya ji ya bar shi yana kwana a ɗakin baya, bai san yana rini ba, ko cikakken sunansa ma bai sani ba.

Baba ya juyo wurina. "Rabi, me ya ce?"

Baba yana jin Larabcin da ya isa ya gane wannan magana. Na tabbata ya ji. So yake in ce masa kunnensa ne bai ji daidai ba. Sai na juya wurin Faisal na ce, "Faisal, gaya musu. Gaya musu wane ne Baba." Faisal ya dubi ubansa, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na san yaro ne, shekarunmu ɗaya, na san ba abin da zai iya. Na sha gaya wa kaina haka, amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

Aka sa Baba a mota da hannuwansa a haka, aka kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Kwanon abincin yana kaina har motar ta ɓace. Ba mu ƙara sa shi a ido ba. Ya koma Kano, ga 'yan'uwan da suka manta kamanninsa, ya rasu kafin in yi aure. Wanda ya yi masa wanka ya aiko mana cewa baƙin bai bar farcensa ba. Ammu Sale kuwa ya biya tara, shagon ya ɗan zauna a rufe, ya sake buɗewa da lasisi na gaske da tanki a baya da ma'aikata masu takarda. Duromin Baba ne a ciki. Umma ba ta je ta yi faɗa ba, marar takarda wa za ta kai wa ƙara? Ta ɗaura ɗamara ta kama suyar ƙosai, lokacin hajji ta yi abincin sayarwa a Mina, da haka ta raine mu. Sunan mutumin dai bai ƙara fita daga bakinta ba.

Sai da muka girma Faisal ya tako. Ya ji Umma ba ta da lafiya, ya hawo dutsen da ledar 'ya'yan itace, ya yi gemu, shagon ma a hannunsa yake. Ya tura ƙofa kamar da, ya ce, "Umma." Tana kwance. Na ga ta lalubo mayafinta ta ja ta rufe fuska har haɓa. Ta ce mini, "Rabi, shimfiɗa wa baƙon tabarma a waje." Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye ledar ya fita. Na ɗauka zan ji daɗi. Kuka na yi, har yau kuma ban san wanda na yi wa ba.

Yanzu an rushe gefenmu na Nakkasa, dutsen mai baƙin layi an fasa shi. Ina zaune a gidan haya da famfo a ɗaki, 'ya'yana ba su san nauyin jarka ba, Hausar ma sai na matsa suke yi. Idan na bi ta Kudai ina ganin shagon, ya haɗe da na kusa da shi, gilashi fes, titin gabansa a bushe. An ce ruwansu yanzu garau yake fita. Abayata kuwa ta koɗe tuni, har maƙwabta suna tsokanata wai maƙo ya hana ni kai ta rini. Nakan yi dariya in bar su a haka. Marinina ɗaya ne, kuma ina tsaye aka tafi da shi.