Kalmar da Salisu ya nema a Turanci

Shekara biyar ke nan da rasuwar Salisu, abokina kuma abokin ɗakina a unguwar Nu'aija, can ƙasar Larabawa inda muka je neman kuɗi, kuma har yau raina bai huce ba.

Gadi yake yi a wani bene a unguwar Mushairib. Da ɗansa na fari ya rasu a Gusau, kamfani ya ce ba hutu sai likita ya shaida ba shi da lafiya. Salisu ya daina cin abincin kirki, ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun gero. Mu 'yan gida haƙuri muke ta ba shi, don shi muka iya.

Wani tsohon kuku ɗan Kolombiya da ke aiki a benen, shi ya tsaya ya dube shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Angustiado." Salisu bai san Sifaniyanci ba, amma ya ce min wannan kalmar ta san shi. Muka nemi Turancinta a waya don ya faɗa wa likita. Kalmomi suka fito, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Wannan ta yi ƙarama, ta wanda ya ɓatar da makulli ce. Waccan ta yi girma, kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, zai ce ya taɓu, a sallame shi. Da ƙyar ya zaɓi guda, ya yi ta bitarta a mota.

Ni na raka shi asibiti. Likita bai ko ɗago kai ba ya tambaye shi yaya jiki. Salisu, ɗan gidan tarbiyya, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Na zungure shi, ya harare ni. Aka ce ya koma bakin aiki, khalas, magana ta ƙare. Kafin watan ya ƙare, Salisu ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar da yake gadi, da tsakar rana, bai sake tashi ba.

Yanzu yaranmu suna yi wa waya Hausa ta mayar musu Turanci nan take. Da Salisu zai gani, dariya zai yi, ya ce ai "lafiya lau" ɗin dai za ta fassara, ba kuskure.

Allah ya jiƙansa. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bar min ɗabi'a ce da ke ba sababbin zuwa haushi: in na tambayi mutum ya ce lafiya lau, ba na tafiya. Sai in ja kujera in ce, "Na ji gaisuwa. Yanzu faɗa min."