Ƙwallon da na ɗauka da yatsun ƙafa

Ku da kuka shigo aikin masinja yanzu, kun sha jin ina faɗa a kan a kai saƙo yadda aka ba da shi. Ga dalili. Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Asabar a Dutse ba, bayan girbin gero, shekaru kaɗan da gama yaƙin Jamus na farko.

A lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Razdan yana Kano, Di'o yana ƙarƙashinsa, shi ne mai fita rangadi ya sauka a bariki wata ɗaya ko biyu. Ni ne masinjan Di'o: in kai takarda gidan Hakimi, in kawo amsa, in tsaya a bakin ƙofa. Di'on namu dattijo ne, furfura ta gama da kansa. Mutanen unguwar Limawa suka sa masa suna Mai Ƙwai, saboda wasansa na golf, wanda ake bugun wata farar ƙwallo mai girman ƙwan zabo da sanda har ta faɗa rami.

Ya sa an haƙa ramuka shida a filin bayan bariki, aka binne gwangwani a kowanne. Kullum bayan la'asar sai ya fita. Mu dai dariya muke a ɓoye: mutum da girmansa, ƙasa guda tana tsoronsa, yana bin ƙwai a cikin ƙaya. Aikina shi ne in tsaya can nesa, in ga inda ƙwallon ta faɗi, in ɗaga hannu a wurin. Dokar wasan ɗaya ce ya nanata mini: inda ta faɗi, nan za a buge ta, ba mai taɓawa.

Sannu a hankali idonsa ya fara rauni. Zai buga, ƙwallon ta kauce ta shige karan gero, shi kuwa yana kallon gabas yana jira. Ran farko da na ga haka sai tausayi ya kama ni. Kun san ba a tsayawa gaban babba da takalmi, don haka ƙafata tsirara take. Na matse ƙwallon tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, wandona ya rufe, na taka a hankali har fili mai kyau, na saki, na ɗaga hannu. Ya iso yana murmushi. Daga ranar abin ya zame mini jiki.

Wata rana muna komawa bariki ya tsaya ya ce, da Hausarsa mai kaushi, "Garba, matata ta rubuto daga Ingila. Ta ce na tsufa, in ajiye sanduna. Ni ba na ganin inda take faɗuwa, kai kake gani. Faɗa mini gaskiya, in daina?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu ka fara. Bana ka fi bara."

Wallahi a raina ladabi na yi. A gidanmu ba a taɓa duban dattijo a ce masa ƙarfinsa ya ƙare ba.

Da jin haka sai ya aika Kano ya gayyato wani sabon mataimakin Di'o, saurayi, su kara a wasan. Har Hakimi aka aika wa, ya turo wakilinsa da mutane suka zauna a gindin tsamiya suna kallo. Wannan ita ce Asabar ɗin.

Rami na farko da na biyu na yi abin da na saba, ina zaton ba wanda ya lura. A na uku ƙwallon Mai Ƙwai ta yi hagu sosai, ta faɗa cikin sabara. Na shiga, na matse ta, na fito ina ɗingishi kaɗan, na sake ta taku goma daga rami. Ashe saurayin ya biyo ni da ido tun daga farko. Ya fashe da dariya. Yana koyon Hausa a lokacin, yana neman inda zai gwada ta, sai ya ɗaga murya yadda har na gindin tsamiya suka ji: "Masinjanka ya fi ka iya wasa, kuma da ƙafa!"

Mutane suka sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai Ƙwai bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tako har gabana ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni."

"Tun yaushe, Garba?"

"Damina biyu."

Ya daɗe yana kallon sandar da ke hannunsa. Sannan ya ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji, "Da ka faɗa mini, da na matso da ramukan kusa, in riƙa yin uku maimakon shida. Tsoho ma yana da irin wasansa. Yanzu ban san ko ɗaya a cikin bugun nan nawa ne ba."

Bai kore ni ba, bai kai ƙarata Kano ba. Washegari ya ce in tone gwangwanayen in cike ramukan, na yi da hannuna. Daga nan kullum bayan la'asar sai ya zauna a kujera a barandar bariki, ni ina tsaye a bakin ƙofa.

Abin da na koya shi ne, masinja idon wanda ya aike shi ne. Idan ka gyara abin da ka gani don ka faranta masa rai, ka bar shi yana yanke shawara a kan abin da babu. Ni na ɗauka tsufa nake kare shi daga gare shi. Tsufa kuwa da ya bar masa rami uku, ni ne ban bar masa ko ɗaya ba.