Manomin Gobe Ba Shi da Tsaga

Shekarun baya, baya ƙwarai, lokacin da tutar ƙasarmu ba ta fi shekara biyu da hawa sanda ba, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Saurayi ne ni a lokacin, ga wando mai kari, ga alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. A ganina duk ƙasar Arawa babu wanda ya san inda duniya ta dosa sai ni da kumandan, jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu. Jikata ce take rubuta muku wannan a waya ina faɗa mata, don hannuna ya daina jin magana.

Na koyi zane ina ɗalibi a Yamai, kuma labari ya kai kunnen kumandan. Ya kira ni ofishinsa, ya ce akwai dogon bango a sabon ginin gwamnati da ke kallon hanyar kasuwa, yana son in zana masa Nijar ta gobe a jiki kafin bikin da za a yi bayan kaka. Ya ce mutanenmu ba sa karatu, to su karanta da ido. Na fito ina jin ƙasa ma ba ta isa in taka ta ba.

Na cika bangon nan da duk abin da muke mafarki. Famfo yana zubar da ruwa a tsakar gari, mata tsaye ba mai guga a hannu. Motar noma tana keta gona. 'Yan mata riƙe da allon lakwal, Bafulatani ya kawo shanunsa allura yana murmushi, liman da mutumin coci suna gaisawa. Babu mai rama, babu mai tsumma, babu ko jaki. Sai na ƙara wani abu da ba wanda ya sa ni, daga kaina ya fito: na ce mutanen gobe ba su da tsaga a fuska. Ba Ba'are, ba Bazabarme, ba Bagobiri, kowa ɗan ƙasa ne kawai. Da na gaya wa kumandan sai ya miƙe ya ba ni hannu.

A tsakiyar bangon na bar wurin manomi, ya fi kowa tsawo, ɗauke da damin gero. Fuskar da nake so in sa masa kuwa guda ce, ta mahaifina.

Dole in gaya muku wani abu game da fuskar nan. Shekarar da sojojin Nasara suka ƙone garin Lugu, mutanen ƙauyukanmu sun watse cikin daji. Kakata ta gudu da ƙaramin ciki, ta faɗa hannun wasu mutane can gabas, a can ta haifi mahaifina. Sai da ya shekara bakwai ta samu dawowa da shi, fuskarsa sumul. Mu kuwa Arawa tun jariri ake yi mana tsaga daga gefen baki zuwa kunne, a kowane kunci. Dattawan gida suka yi kwanaki suna gardama ko ɗan gidan ne ko tsintacce, daga ƙarshe suka yarda, aka kira wanzami. Tsagar mahaifina ita ce hukuncin da aka yanke a kansa. Ita ce ta ba shi gonar fadama da ya ci da mu a cikinta. Amma wansa, wanda suke uba ɗaya, bai taɓa haɗiye hukuncin nan ba, kuma idonsa bai taɓa sauka daga kan gonar ba.

Duk na san wannan. Kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Ni a wautata gani nake alheri zan yi wa tsoho, in ɗauke masa abin da aka daɗe ana yi masa gori a kai, in kai shi ƙasar da ba mai tambayar asalin kowa.

Ranar kasuwa uku yana zuwa gidana daga ƙauye, ya zauna a kan turmin da na kife masa, ni kuma ina zana shi a littafi. Zama shiru ba halinsa ba ne.

"Kai ɗan lakwal, wanga aiki naka ba ya ƙarewa? Jakina na can rana na cin shi."

"Baba, ka daina motsi. Kai za ka zama manomin ƙasa duka."

"Ƙasa duka? Ni da gona guda ta ishe ni ciwon baya."

Bai taɓa cewa in nuna masa littafin ba, ni ma ban nuna ba. So nake ya gani a bango, gaban jama'a, ya san kuɗin goron da ya hana kansa don in yi karatu bai tafi a banza ba.

Mutum ɗaya ne ya yi mini magana. Abokina ne, kafinta a wajen 'yan mishan, shi ya haɗa mini tsani da katakon da nake takawa. Ranar da na gama fuskar ya tsaya a ƙasa ya daɗe yana kallo.

"Tsoho ne sak," ya ce. "Amma ina tsagatai?"

Na juyo a kan tsani na yi masa huɗuba, har da Faransanci, a kan sabuwar ƙasa da duhun kai. Ya bari na gama.

"Sauran mutanen nan da ka zana ba wanda ya san su. Wanga ko kowa ya san shi. In kana son huska sumul, ɗauki tawa, ni ba ni da gona."

Na yi dariya, na ce masa ya tsaya a kan katako, zane ba fanninsa ba ne.

Ranar biki da hantsi aka taru, makaɗa, 'yan lakwal a jere, masu gari daga ƙauyuka. An rufe bangon da tabarmi. Mahaifina ya zo cikin rigarsa ta shuni wadda ba ya sa wa sai da dalili, na kai shi gaba na tsayar. Kumandan ya yi jawabi, aka janye tabarmin, wuri ya ɗauki tafi. Mata suna nuna famfo suna guɗa. Ni kuwa fuskar mahaifina kawai nake kallo, ta gasken.

Ya ɗaga kai ya dubi manomin. Na ga ya gane hancinsa, ya gane goshinsa, har bakinsa ya fara buɗewa zai yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Hannunsa ya tashi a hankali ya taɓa kuncinsa.

Daga bayanmu muryar wansa ta taso, yadda kowa zai ji.

"Madalla! Mu mun hwaɗi anka ce ƙiyayya ce. Yau ga ɗanai na cikinai ya rubuta ta bisa bangon gwamnati."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Mahaifina bai juya ba. Ya dube ni, ba fushi a idonsa, ya ce, "Aikin ya yi kyau, ɗan lakwal. Wane ne?" Ya ratsa cikin jama'a ya kwance jakinsa, ko ruwa bai sha a gidana ba.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama ƙauyuka. Masu zuwa kasuwa sai sun tsaya gaban bango sun nuna wa 'yan uwansu. Aka laƙaba masa suna, wai Na-bango. Wansa ya tayar da maganar gonar fadama gaban dattawa, ya ce a sake duba hukuncin da aka yanke tun suna yara, tunda gwamnati da ɗan mutum sun yi shaida.

Na ruga wajen kumandan, na ce ya ba ni izini in ƙara layi a kuncin manomi, aikin da bai kai shan ruwa ba. Ya ce an riga an ɗauki hoton bangon an aika Yamai, manya sun yaba, kuma abin da suka fi yabawa shi ne fuskokin nan. Ya maimaita mini huɗubar da na taɓa yi masa kalma bayan kalma, har inda na ce tsaga tabon duhun kai ce. Ya ce in na taɓa bangon, to in shirya kayana, akwai lakwal a can cikin hamada da ke neman malami.

A nan ne nake jin kunyar kaina har yau. Ba gardi a bakin bangon. Fenti yana ɗakina, tsani yana gidan abokina. Kullum sai na wuce ta gaban bangon sau biyu. Na ce wa kaina bari manya su zo su tafi, sannan na ce bari a canja kumandan. Tsoro ne kawai, tsoron rasa wando mai kari.

Da bazara na hau keke na tafi ƙauye. Na tarar da mahaifina a gindin gawo yana gyaran ƙotar hauya, ya ja rawani ya rufe fuskarsa har hanci, mutumin da ko hula ba ta dame shi ba. Na durƙusa na ce ya je zaman dattawa ya kare kansa, bango ba shaida ba ne, kowa yana ganin tsagarsa.

"In tahi in ce musu mi? In kware huskata in ce ku diba, awa ana sayen akuya?"

Na ce kuskure ne, zan gyara.

"Ran da anka yi min tsagar nan, innata ta ce in na yi kuka za su ce ba jininsu ba ne. Ina jin aska na tahiya cikin namana, ban ce uhum ba. Tun ran nan ban ƙara roƙon kowa shi yarda da ni ba. Ba ni hwarawa yau, da hurhura."

Bai je zaman ba. Dattawa suka jira shi har rana ta karkata, suka ce wanda bai zo ba ya bar magana. Gonar fadama ta koma hannun wansa. Daminar nan mahaifina ya noma wani tudu mai yashi da ba wanda yake so, abin da ya samu bai cika rabin rumbu ba. Na aika masa da hatsi, ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Bai sake taka Dogon Dutsi ba. Damina ta biyu tari ya kama shi, kafin a yanke gero ya rasu.

Wata biyu bayan haka aka canja kumandan. Kun ji jaruntakata, sai da hanya ta zama ba kowa. Ranar kasuwa da rana tsaka na jingina tsani, abokina ya riƙe mini, na hau da baƙin fenti. Na kai hannu kuncin manomin, sai hannun ya tsaya.

Tsagar mahaifina ba irin tawa ba ce. Tawa ta jarirai ce, siririya, miƙaƙƙiya. Tasa an yi ta ne a fuskar yaro mai ƙarfi, kuma na san ɗaya ta karkace. Amma wacce? Ta dama ko ta hagu? A ina ta karye, sama ta yi ko ƙasa? Na rufe ido na nemo fuskarsa, sai manomin bango yake zuwa mini, sumul. Ranar kasuwa uku na yi ina ƙare masa kallo, kuma abin da na yi niyyar gogewa ban ko dube shi ba. Mahaifiyata ta riga shi rasuwa, hotonsa kuwa babu ko ɗaya a duniya. Na tambayi abokina, ya ce yana tsammanin ta hagu ce, amma ba zai rantse ba.

Jama'a sun fara taruwa. Ina tsaye a kan tsani, fenti yana ɗiga a wandona, sai na ji murya daga ƙasa.

"Ta dama ce."

Wan mahaifina ne, dogare da sanda, ya zo sayar da albasar fadama.

"Ta taso daga baki daidai, da ta kai tsakar kunci ta yi ƙasa kamar yatsa guda, sannan ta koma ta nuhi kunne. Nan ne ya motsa." Sannan ya ce, "Ni na riƙe mai ƙahwahu ran nan. Bai yi kuka ba."

Na so in sauko in shaƙe shi. Ban sauko ba, don duk wurin nan ba wanda ya san abin da nake nema sai shi. Na ja layin yana cewa ƙara ƙasa kaɗan, tsaya nan, yanzu hau. Da na gama na ja da baya na duba, sai ga mahaifina. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ɗauki kwandonsa ya shige kasuwa.

Ban sake zana fuskar mutum ba tun daga ranar. Bangon ma an rushe shi da daɗewa, an yi shaguna a wurin. Jikata takan nuna mini aikin masu zanen yanzu a waya, birane masu ƙyalli, mutane duk kamarsu ɗaya, ba mai yunwa, ba mai tabo. Ba na zaginsu, na san daɗin da suke ji, kuma ƙasa tana bukatar masu mafarki. Tambaya ɗaya kawai nake so in yi musu, wa suka goge kafin wurin ya yi kyau haka, kuma sun tambaye shi?

Mutane suna cewa abu in ya daɗe yakan yi sanyi. Wannan bai yi ba. Na yafe wa kumandan, na ma yafe wa wan mahaifina, ni na bi gawarsa har kabari. Abin da na kasa yafewa shi ne mutumin da ya cinye gonar ubana ya fi ni sanin fuskarsa.