Zanen da Ya Sha Wanki

Atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Tamale, sana'ar da na tarar mahaifiyata tana yi. Gidanmu yana Nyohini, kuma a unguwarmu idan an tashi yin kyauta ba a yi da wasa. Mace za ta yarda ta kwana da koko a ciki, amma ba za ta yarda a buɗe ƙunshinta a gidan suna a ga abin raini ba. Da wannan halin muka tashi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Ina da wata ƙawa tun ta ƙuruciya, 'yar Dagomba ce, ungozoma. Da ta yi ritaya daga aikin asibiti sai zama ya gagare ta, ta haɗa kai da wasu tsofaffin abokan aikinta suka kafa ƙungiyar taimakon matan ƙauye. Suka samu gida a Kasalgu, inda mai cikin da ake yi wa fargaba za ta zo ta zauna idan watanta ya tsaya, don naƙuda ta same ta kusa da asibiti. Gidan na wani Alhaji ne mai sayar da siminti, ya ce su zauna, kada wanda ya yi masa maganar haya. Gadaje da gidan sauro da motokin, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar marasa lafiya, wasu mutane ne daga ƙasashen waje suka aiko, mutanen da har yau ban ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ina sa su a addu'a. Wani mahauci kuma duk Juma'a sai ya aiko da ƙashin miya, yana aikowa yana mita wai matan sun cika ci, amma bai taɓa fashi ba.

Wata rana ƙawata ta zo rumfata ta zauna, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce abin da ya rage musu zannuwa ne. Mai zuwa haihuwa asibiti ana so ta zo da zannuwanta, na shimfiɗawa, na goge jariri, na naɗe shi. Da yawan matan ƙauye ba su da na fita da shi, kuma kunyar wannan kaɗai tana sa wasu su ƙi zuwa. Na ce mata, “Zane? A gabana kike wannan nuƙu-nuƙun a kan zane? Ki je, an gama.”

Na kai maganar wurin Magajiya, shugabar matan unguwarmu, ita kuma ta faɗa a taron mata bayan karatun Asabar. Kafin wata ya ƙare ɗakinta ya cika. Kowa ta kawo sabo fil, wata ma da takardar kamfani a manne don a san ba ƙarami ba ne. Maƙwabciyata ta ji na ba da mai tsada, ta koma gida ta canjo nata. Ni kuwa har da turare na fesa wa nawa. Ranar da muka kai kayan Kasalgu a yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ƙawata ta buɗe ta duba, ta yi ɗan jim, sannan ta yi ta sa mana albarka. Na ɗauka daɗi ne ya ɗaure mata baki.

Aka raba zannuwan a ƙauyuka ranakun awo. Mu kuma muka koma harkokinmu, zuciya fari tas.

Ana cikin damina sai ga ƙawata ta sake zuwa, wannan karon ba ta ko zauna ba. Ta ce da Hausarta ta Tamale, wadda ba ta raba mace da namiji, “Hajiya, akwai yarinya ɗaya, bai zo ba. Watansa ya tsaya, jininsa ya hau, ƙafa duk ya kumbura. Sau biyu yana haihuwa a gida, yaro ba ya zuwa da rai. Na aika, na sake aikawa, ya ce yana zuwa. Gobe zan je da kaina, ki raka ni.”

Na tambaya ko mijin ne ya hana. Ta ce miji har roƙonta yake ta tafi. Na ce to an ba ta zane? Ta ce an ba ta, cikin nawa ma aka ba ta. Sai raina ya ɗan ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mutum a yi masa komai, a ce ya zo a ceci ransa, sai an bi shi da lallashi?

Washegari muka hau motokin. Kafin in fita na jawo wani tsohon zane daga cikin na aikin gida, wanda ya sha wanki har furensa ya dushe, don in shimfiɗa in zauna kada kayana su ɓaci. Hanya kuwa ta gwada mana hali. Ruwa ya cinye ta, muna tafe muna karo da juna kamar ƙwarya a buhu, ina ta salati ƙawata tana ta yi mini dariya.

Mun iske yarinyar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, zaune a kan turmi don durƙuso ya gagare ta. Da na ga ƙafafunta sai faɗan da na ƙullo tun daga gida ya kwance, tsoro ya kama ni. Muka gaisa da Dagbanci, yaren Dagomba, aka yi ta “naa, naa” har gaisuwa ta ƙare. Ƙawata ta tambaye ta ina zanen da aka ba ta. Nan take fuskarta ta washe. Ta shiga ɗaki ta fito da babbar tukunyar silba, ta buɗe, sai ga atamfata a ninke, ko ruwa ba ta taɓa ba, an sa mata kafur, takardar kamfanin tana nan.

“Ki ɗauko mu tafi,” in ji ƙawata.

Yarinyar ta dube ta kamar ta ce a jefa zanen a wuta. “Mma, wannan zan shimfiɗa a yi jini a kai? Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe irinsa ba.”

“To ki ɗauko naki na gida.”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce nata sun zama tsumma, wani ma da shi ake tace gari. Ta ce ta taɓa raka yayarta asibiti, ta ga yadda matan gari suka riƙa kallon ƙunshinsu, ba wanda ya ce komai, amma ta gani. Jira take a sayar da gyaɗa ta sayi gwanjo, daga nan sai ta zo.

Ƙawata ta juyo ta dube ni, ta ce da Hausa, “Duk haka suka yi, Hajiya. Kowa ya ɓoye nasa. Kuma sabon atamfa ba ya shan ruwa, ba ya goge yaro. Tsoho nake so tun farko.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“In zo zongo, cikin Hausawa, in ce Hajiyoyi su ba ni tsohon zane? Da wane baki?”

Sai dariya ta kama ni, ga tsoro ga dariya. Ita ta ji kunyar roƙon tsoho, mu mun ji kunyar ba da tsoho, yarinya ta ji kunyar ɓata sabo, kuma duk cikinmu ba mai mugun nufi.

Muna cikin haka na lura idon yarinyar ba ya kanmu. Tsohon zanen nan nawa take kallo, wanda na sauko da shi a kafaɗa na kakkaɓe. Ta miƙo hannu ta shafa bakinsa, ta ce a hankali, “Mma Hajiya, wannan fa, kina amfani da shi?”

Wallahi sai da na ji nauyi har cikin ƙashina. A gidanmu ba a miƙa wa baƙo abin da aka zauna a kai. Na fara cewa ai wannan ba na bayarwa ba ne, ƙawata ta taka mini ƙafa. Na miƙa mata da hannu biyu, ina kawar da kai. Ta karɓa ta jujjuya shi, ba huji, ba faci, ga laushi. Ta ninke, ta kira mijinta daga bayan gida ta ce ya ɗauko mata bokiti da buta, za ta bi su Mma.

Da muka dawo na je na faɗa wa Magajiya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita dai ba za ta iya tsayawa gaban mata ta nemi tsumma ba, ni in yi. Na yi. A ɗakin ba wadda ta ce za ta kawo. Amma daga washegari ƙunshi ya fara zuwa rumfata a baƙar leda, an ɗaure tam. Kowace ta ajiye sai ta ce, “Ba nawa ba ne, wata ce ta ce in kawo.” Maƙwabciyata ma haka ta faɗa, alhali na san zanen, da shi ta goyi 'ya'yanta duka. Na ce Allah ya saka wa wannan “wata” da alheri. Har yau haka ake kawowa, kuma har yau na wata ne.

Yarinyar ba ta daɗe a Kasalgu ba naƙuda ta taso, aka wuce da ita asibiti, aka yi mata aiki. Ƙawata ta kira ni ina tsakiyar ciniki ta ce mace aka samu, uwa da 'ya suna lafiya. Na bar mai saye tsaye da atamfa a hannu, na zauna na yi kukana, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Ranar da za ta koma ƙauye na je sallama. Tana zaune bakin gado, kumburin ya saɓe, jaririyar tana barci cikin wani zane daga na baƙar leda. Da ta gan ni ta jawo wani abu daga ƙarƙashin matashi. Tsohon zanena ne, an wanke shi tas, an ninke shi daidai.

Na ce, “Haba 'yata, ai na ba ki. Ba a mayar da kyauta.”

Ta ce, “Ba ke zan ba ba, Mma Hajiya.” Ta juya ta miƙa wa ƙawata da hannu biyu. “Akwai wata a garinmu, gidansu yana bayan namu. Watanta ya kusa, ita ma gyaɗa take jira.”