Tsuntsun da Na Koya wa Jira

A shekarata ta ƙarshe a Kuala Lumpur, wata la'asar aka yi ruwa irin na garin, mai sauka kamar an kifar da randa ya ɗauke kamar ba shi ya yi ba. Ina dawowa daga makaranta ta titin Jalan Semarak, sai na ga ɗan tsuntsu a gindin bishiya, bakin magudana, ya jiƙe sharkaf, bakinsa a buɗe. Na ɗaga kai ban ga sheƙa ba. Na tsaya ban ga uwa ba. Wata mage ce kawai zaune a gefe, cikin ladabi, tana jiran in gama tausayina in wuce. Na cire hula na sa shi a ciki.

Maiɗakina ta buɗe mini ƙofa, ta dubi kaina ba hula, ta leƙa cikin hular, sannan ta tuna mini cewa albasa ta aike ni.

Na tashi a gidan da ake kiwon tattabaru, saboda haka ban ga abin da wani zai koya mini a kan tsuntsu ba. Na ɗebi geron da maiɗakina ta sha wahalar ɗaukowa daga gida, wanda take tattali saboda kunun azumi, na jiƙa shi ya yi laushi, na riƙa yi wa ɗan tsuntsun ɗura kamar yadda na ga ana yi wa 'ya'yan tattabaru. Yana tofarwa ina mayarwa. A kwana na biyu ya daina tofarwa, na ɗauka tarbiyya ta fara shiga. Ashe ƙarfin tofarwar ne ya ƙare.

Tsohon da yake gadin ƙofar benenmu, wanda kowa yake kira Pakcik, wato kawu, shi ya cece shi daga ilimina. Na nuna masa tsuntsun, na nuna masa geron. Ya daɗe yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya ce karatun digiri na uku yake yi. Ya ce sunan tsuntsun murai, kuma tun da aka halicce shi ba ya cin hatsi, ƙwari yake ci. Ya kwatanta mini wani shagon tsuntsaye inda ake sayar da gyare da tsutsa da ransu. A garinmu gyare kyauta yake kuka har a gaji da shi. A nan sai ga ni, magidanci da gemu da carbi, ina bin layi in saye shi a cikin roba mai huji.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya murmure, gashi ya fito, a hankali ya rikiɗe ya zama baƙi da fari, kamar hankakan da aka wanke ya motse, da doguwar jela da yake ɗagawa sama kamar mai wani muƙami. Na saya masa keji na rataye a baranda, hawa na tara. Na rubuta lokutan cin abincinsa da ajami na liƙa a jikin firji, domin da shi hannuna ya fi sauri tun ina makarantar allo. Maiɗakina ta ce ta gode, da ma ta daɗe tana neman abin karantawa idan tana jiran ruwa ya tafasa.

Daga nan na shiga ba shi tarbiyya. Na koya masa in na ƙyasta yatsa ya taso ya sauka a hannuna na dama. In na miƙa hagu, kada ya kula. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne jira: in riƙe gyare a gabansa, ya buɗe baki, amma kada ya taɓa sai na yi bisimilla na sa masa da kaina. Duk lokacin da ya yi wawura sai in janye hannu. Wata biyu muna haka har ya ƙware. Ko a tafin hannuna na ajiye gyaren ba zai ɗauka ba, sai dai ya dube ni ya wage baki.

Ranar Juma'a in 'yan'uwa ɗalibai sun biyo ni gida cin tuwo, nakan fito da shi. Su yi ta mamaki suna ɗaukarsa a waya. Wani ya ce wannan tsuntsu ya fi 'ya'yansa ladabi, su da ake yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce ikon Allah ne, da irin muryar da take nuna cewa ni ma dai na taka rawa. A lokacin nan mai duba aikina yana dawo mini da kowane babi da jan biro har ba a ganin baƙin. Na sami wanda in na koyar yake ɗauka.

Sai karatu ya ƙare. Na kare kundina, na yi gyare-gyaren da aka ce, aka sa mana ranar tafiya, saura mako uku. Maiɗakina ta fara ɗaure kaya, kullum tana hanyar Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi da gyale na tsaraba. Ita ce ta tambaye ni, tana ninke kaya ba tare da ta ɗago ba, ko ɗalibin nawa a wace kujera zai zauna a jirgi.

Na fara neman mai karɓa. Waɗanda suke ɗaukarsa a waya duk suka tuna cewa masu gidajensu sun hana ajiye dabba. Ɗaya ya tambaye ni, don neman sani kawai in ji shi, ko yana da nama. Pakcik ya ce maguna huɗu gare shi a gida, in ina so ya karɓa, su ma za su yi murna. Ya ce in sake shi kawai, ai ga danginsa nan cike da bishiyoyin bayan gida.

To nan ne abin ya tsaya mini a rai. Tun muna yara aka karantar da mu cewa wanda ya tsare dabba, ko dai ya ciyar da ita, ko ya sake ta ta nemi abincinta a ƙasa, in ba haka ba zai amsa tambaya. Ni ciyarwa ta ƙare mini. Saki kuma, wane irin saki ne, in ka saki abin da ka zauna wata da watanni kana cire masa dabarar ɗaukar abinci? Da na bar wa magen nan shi tun ranar farko, da hukuncin Allah ne tsakaninsu. Yanzu in yunwa ta kashe shi a gindin bishiya, baki buɗe yana jiran bisimillata, ban san wanda zan nuna ba in an tambaye ni.

Sai na koma warware abin da na ƙulla. Na zuba gyare a faranti na ajiye masa. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya buɗe baki. Wani gyare ya fito ya hau ƙafarsa, ya huta, ya sauka ta ɗaya gefen. Na hana shi abinci daga safe, da niyyar sai yunwa ta koya masa. Kafin azahar ya yi wani ɗan kuka siriri, na karaya na ba shi bakwai. Na durƙusa a baranda, na haɗa yatsu biyu kamar baki ina tsattsagar gyare a ƙasa don ya gani ya kwaikwaya, har wata mata a benen da yake fuskantarmu ta kira mijinta. Tsuntsun ya karkata kai yana kallo, da alama wasan ya burge shi. Mutumin da gwamnati ta shekara biyar tana sa wa abinci a baki da kuɗin tallafin karatu, shi ne a durƙushe yana ba da darasin dogaro da kai.

Mako biyu suka wuce haka. Na daina jin daɗin abinci. Ina sa shi a addu'a bayan kowace salla, a ɓoye, don ban san yadda zan yi bayani ba in aka ji.

Saura kwana huɗu, da hantsi, na ce zan je makaranta karɓar wata takarda. Na kai bakin titi na tuna ban ɗauki katina ba, na dawo. Na buɗe ƙofa a hankali. Maiɗakina tana kicin ta janye tukunyar gas za ta share bayanta, kyankyasai suka watse. Ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta miƙa hannu ta baranda ta zare ƙofar keji, ta koma gefe.

Ban taɓa ganin abu mai sauri irin wannan ba. Ya faɗo kamar an jefo shi, ya cafke ɗaya, ya buga shi da ƙasa sau biyu, ya haɗiye. Ya bi na biyu har ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya jawo shi ta ƙafa. Babu ƙyasta yatsa, babu hannun dama. Yana riƙe da na uku ne na yi gyaran murya. Ya juyo ya gan ni. Sai ya saki kyankyason, ya yi tsalle biyu ya zo gabana, ya saukar da fukafukai, ya wage baki kamar maraya. Kyankyason ya ja jiki ya tafi abinsa.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin in gama koya masa hannun dama. Kullum in na fita shi yake mata aikin kicin, har ƙananan tsaka yake kamawa a bango.

Na ce, “Kina kallo mako biyu ba na iya cin abinci.”

Ta ce, “Allah ya gafarta Malam, da farko na ga kana jin daɗi ne. Ka dawo daga wurin mai jan biron nan fuska a murtuke, ka zauna da shi, sai in ji kana dariya. Me zan ce maka? Daga baya kuma na yi niyyar faɗa, sai na leƙo na gan ka a durƙushe kana tsattsaga. Na ce bari dai in ƙara kwana biyu.”

Na ce ai wannan zalunci ne. Ta ce ta yarda, kuma ta tuba, amma in zan sake yi sau ɗaya kafin mu tafi tana so ta kira maƙwabciya.

Na zauna a kan wani kwali na yi hamdala, ita ce hamdala mafi ɗaci da na taɓa yi. Sannan muka yi shawara. Tunda a gabana ne kawai yake zama gajiyayye, to ba ni zan sake shi ba. In ya gan ni a wurin, zai zauna a reshe ya buɗe baki har mage ta zo. Sai dai ita ta kai shi, ni kuwa kada in kusanci wurin.

Washegari bayan rana ta ɗaga, maiɗakina ta sa hijabi ta ɗauki kejin ta sauka. Na tsaya a baranda ina leƙen bishiyoyin bayan gida. Daga hawa na tara ba a ganin komai sai ganye, da kan Pakcik yana bin ta a baya. Na yi ta jan carbi ina rasa inda na tsaya.

Ta daɗe kafin ta dawo da keji wayam. Ta ce ya hau reshe, ya ɗaga jela, sannan ya sauko cikin ciyawa ya tono wani abu mai ƙafafu da yawa. Ta tsaya har ya yi haka sau uku, Pakcik ma ya gani. Na ce alhamdu lillahi, shaidu biyu sun isa, da su zan tsaya in an tambaye ni.

Ta juya za ta koma ga kayanta, na kasa haƙuri. Na tambaye ta ko ya ɗan dudduba, kamar mai neman wani.

Ta ce, “Malam, bakinsa a cike yake.”