Malam Lukuman Tanimu da Littafin Hanyoyin Keke

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Lukuman Tanimu a shekarar 1929 a garin Abuja, wanda a yau ake kira Suleja, a wani gida da ke kusa da gaɓar kogin Iku. Mahaifinsa, Malam Tanimu, maɗinkin riguna ne, mahaifiyarsa kuwa, Malama Lauratu, 'yar wani falke ce daga Tafa. Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, aka sa shi elamantare a 1938, sannan a 1942 ya wuce makarantar Midil ta Bida, inda malamansa suka shaide shi da abu biyu: ƙarancin magana, da ƙwarewa wajen zana taswira.

Aiki da aure

A shekarar 1948 Hukumar En'e ta ɗauke shi aikin malamin lamba, wato mai yi wa jama'a rigakafin cutar agana, kuma a 1951 aka ba shi keke domin zagaya ƙauyuka. A wancan zamani, da zarar an ji ƙararrawar kekensa a bakin gari sai mata su kwashe 'ya'yansu su shige gona, saboda haka tun yana matashi ya saba da isa wurin da ba a yi maraba da shi ba. Ya auri Sailuba, 'yar wani maƙeri, a 1953, kuma ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. Ya ajiye aiki a 1971, bayan da aka daina jin labarin agana a ƙasar.

Shekarun yawon keke

Jama'a sun ɗauka zai kama sana'ar mahaifinsa ko ya buɗe 'yar tireda, amma sai ya gyara kekensa, ya sa sabuwar sarƙa, ya ɗaure tabarma da buta da famfo da kayan faci a kariya, ya koma kan hanyoyin da ya bi shekara ashirin, wannan karo ba tare da wani aiki ya kai shi ba. Yakan fita ranar Asabar bayan sallar asuba, ya dawo Litinin ko Talata. Wani lokaci yakan bi ta Madalla ya zagaya gindin dutsen Zuma. Wani lokaci ya yi arewa zuwa Tafa ta burtalin shanu. Amma hanyar da ya fi ƙauna ita ce ta Lambata, wadda ke gangarawa kwarin Gurara, inda turba ke ratsa kurmi da gonakin doya har ta ɓulla bakin ruwa.

Duk inda ya bi yana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Yakan zana turbar, ya nuna mashigin rafi da zurfinsa a rani da damina, da hawan da dole a sauka a tura keke, da inuwar da ta dace da hutu. Burinsa shi ne wata rana a buga littafin, domin malaman makaranta da ɗalibansu su san ƙasarsu.

Mutanen gari ba su gamsu da wannan bayani ba, domin ba su taɓa ganin magidanci ya yi tafiyar mil arba'in ba fatauci, ba ziyara, ba ta'aziyya ba. Wasu suka ce zinariya yake nema a rafuka, wasu suka ce yana da iyali a ɓoye a Lambata, har wani maƙwabcinsa ya taɓa bin sahunsa wuni guda, ya dawo da kumburarriyar ƙafa ba tare da ya gano komai ba. An ruwaito cewa wata rana Sailuba ta tare shi yana ɗaura kaya, ta ce, "Malam, mata suna tambayata abin da kake nema a daji, ni kuwa ban san me zan ce musu ba."

Ya ce, "Ki ce musu hanya nake dubawa."

Ta ce, "Hanyar zuwa ina?"

Ya ce, "Hanyar kawai, Sailuba. Da kin ga Gurara da hantsi, da ba ki tambaye ni ba."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma ta shaida wa 'yarta daga baya cewa ta yi shekara guda tana shinshina rigunansa kafin ta wanke.

Al'amarin Kurmin Shaba

A watan Fabrairu na 1976 aka ba da sanarwar cewa za a gina sabon babban birnin ƙasa a wannan yanki, kuma nan da nan jita-jita ta cika ƙauyuka cewa za a tashi kowa daga gonarsa da kaburburan iyayensa. A watan Yuni na shekarar ne ɗan ƙanwarsa, Datti, wanda yake akawu a wani ofishi a Minna, ya zo masa gaisuwa, ya ce, "Kawu, ara mini littafin nan naka mako biyu, ni ma ina so in fara hawan keke." Malam Lukuman ya yi farin ciki ƙwarai, domin shi ne mutum na farko da ya nemi ganin littafin. Sai bayan wata biyu aka dawo da shi.

A ranar wata Lahadi cikin watan Maris na 1977, ya gangara Kurmin Shaba, wani ƙauyen Gbagyi da ke kwarin Gurara, inda ya saba sauka ya sha ruwa. Bai sani ba, kwana tara kafin nan wasu safiyo, wato masu awon ƙasa, sun zo da mota, sun kafa turaku masu jan fenti a gonakin ƙauyen, kuma sun shigo ne ta wani mashigi da ba kowane baƙo ya san shi ba. Yana sauka daga keke sai magidanta suka kewaye shi da fartanya a hannu, suka karɓe keken da littafin, suka tasa shi gaba zuwa ƙofar dagaci.

Dagacin ya ce, "Shekara nawa kana zagaya mu kana rubutu. Yanzu mun ga abin da rubutun ya haifa. Wa ya aiko ka?"

Malam Lukuman ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya aiko ni. Ni ne na yi wa rabin mutanen nan lamba, su duba damatsansu."

Wani daga cikin taron ya amsa, "Wancan ma ai gwamnati ce ta aiko ka."

Da hayaniya ta yi yawa, har wasu suna cewa a jefa keken a kogi, sai aka kira Malam Istifanus, malamin makarantar mishan ta ƙauyen, aka miƙa masa littafin domin ya karanta a bainar jama'a. Ya karanta shafi bayan shafi yana fassarawa da Gbagyi. Ba a ji sunan mai gona ko ɗaya ba, ba a ji ƙidayar gidaje ba. Abin da aka ji shi ne inda ruwa ke kai gwiwa a watan Agusta, da inda ƙaya ke fasa taya, da wata tsohuwa mai kunu mai daɗi. Wasu suka yi dariya, tsohuwar ma tana wurin. Amma da aka zo shafin Kurmin Shaba, sai ga mashigin da motar ta bi an zana shi sarai.

Malam Istifanus ya ce, "Wannan rubutun mai son hanya ne, ba na mai son gona ba. Ni na tsaya masa." Dagaci ya yanke hukunci cewa a mayar masa da kekensa, a riƙe littafin, kuma kada ya sake taka ƙauyen. Malam Lukuman bai faɗa wa kowa a wurin cewa littafin ya taɓa barin hannunsa ba.

Shekarunsa na ƙarshe

Mako guda bayan haka ya hau mota zuwa Minna ya sami Datti, ya tambaye shi ko ya nuna wa wani littafin. Datti ya rantse cewa a akwatinsa ya ajiye shi, amma da kawun ya tambaye shi ina keken da ya ce zai saya, sai ya sunkuyar da kai ya fara zancen tsadar kaya. Malam Lukuman bai samu hujjar da zai tabbatar da zargi ba, bai kuma samu wadda za ta wanke ɗan ƙanwarsa ba, domin an ce safiyo suna da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, kuma mai yiwuwa ba su buƙaci littafin kowa ba. Daga wannan rana bai sake zama da Datti su biyu kaɗai ba.

Labarin Kurmin Shaba ya riga shi isowa gida, kuma waɗanda a da suke cewa zinariya yake nema suka koma cewa ɗan leƙen asiri ne. Ya ci gaba da fita, amma bai sake rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma idan baƙo ya tambaye shi hanya sai ya ce ya manta. Malam Istifanus kaɗai ne yakan tarye shi a Lambata, su bi gefen kogin tare a kan kekunansu.

A farkon 1979 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da Malam Istifanus ya zo duba shi, sai Malam Lukuman ya sa aka ba su wuri, ya bayyana masa maganar aron littafin, ya ce, "Ka tsaya mini a gaban mutanenka, ni kuwa na ɓoye maka wannan. Har yau ban sani ba ko ni ne na nuna musu hanya."

Malam Istifanus ya ce, "Da ka faɗa a ranar, da ban iya fitar da kai ba. Ni ma ban sani ba, Malam. Amma ba zan janye abin da na ce ba."

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Lukuman Tanimu rasuwa da safiyar Alhamis, 17 ga Mayu, 1979, yana da shekara hamsin. An yi masa sallah a ƙofar gidansa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gari. Datti ya zo daga Minna, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Daga Kurmin Shaba mutum ɗaya ne ya zo, Malam Istifanus, wanda ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama rufe kabarin.

Ya rasu ya bar matarsa Sailuba da 'ya'ya biyar: Ummaru, Saudatu, Abdulsalami, Sakinatu da Nata'ala. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.